Ɗakin Kellu da Ruwan Gida Bakwai

Kafin kowa ya gani ni na gani, kuma ba yau na fara riga mutane gani ba. Ni Ɗanasabe magini, yunwa uku na binne, na yi wa Nasara aikin tilas har bayana ya saɓule, ga ni nan da haƙorana ina tauna goro. Ban taɓa zama a bencin lakwal, makarantar boko, ba, mai rubuta wannan ma hannunsa kawai na ara. Amma ƙasa in na damƙa na murza, sai ta gaya mini abin da ba ta gaya wa masu takarda ba.

Shekarar da soja suka karɓi mulki aka yanka filaye a bayan Magariya, aka ba mutanen da fari ya koro daga ƙauyukan Dungas da Waca. Gida goma sha huɗu. Ranar da na fara haƙar ƙasar tubali a wurin, ban yi kamu biyu ba sai ga baƙar ƙasa mai danƙo, cike da katantanwa. Na ce musu, "Jama'a, nan fa hanyar ruwa ce. Mai hanya tafiya ya yi, zai dawo." Suka bushe da dariya. Shekara shida ba su ga ruwan da zai jiƙa ɗan akuya ba. Wani ya ce, "Baba, in ya dawo ka ce muna gaishe shi." Na ja bakina na gina musu, don gini aka kira ni. To, ba labarina zan ba ku ba, na Kellu ne.

Kellu gwauruwa ce, ta haura hamsin, ba ɗa ba jika. Ƙanenta Mala tela, uwa ɗaya uba ɗaya, a hannunta ya tashi. Da aka ba shi fili, shi da kansa ya kama hannunta ya kai ta kusurwar kudu, can inda ƙasa ta gangara, ya ce, "Yaya, nan naki ne, sai dai mutuwa ta fitar da ke." Ita ta kwaɓa ƙasarta, ta mulmula tubalinta ɗaya bayan ɗaya, ni na ɗora. Ɗaki ɗaya ne da 'yar rumfa, inda take suyar gyaɗa, ta matse mai, ta yi ƙuli-ƙuli. Burinta na duniya bai wuce nan ba: ɗakin da in ta shiga ta ja ƙyaure, babu mai ce mata matsa can.

Masu gidajen nan suka kafa ƙungiya, suka naɗa Mala shugaba, har sunansa ya ɓace aka koma ce masa Parsidan. Kowace Juma'a bayan la'asar suna zama ƙarƙashin itacen bedi, daidai bayan katangar Kellu. Dokarsu biyu ce. Mai ƙofar zaure shi ke da baki a taro. Sannan ba a tashi da ran wani a ɓace, kuma maganar unguwa ba ta zuwa biro, ofishin kumandan mai mulkin gari, ba ta zuwa fada. Gaskiya ɗaya ce, Mala ya iya. Shi ya raba wa mata lokacin ɗibar ruwa a rijiya, shi ya sa aka ɗaure awaki da damina ba tare da an zagi kowa ba. Mutum zai zo yana huci kamar kububuwa, ya tashi yana dariya da goro a kumatu. Kellu tana jin su daga rumfarta tana murmushi, ta ce a ranta, wannan bakin ni na ɗura masa kunu.

A damina ta uku mai hanya ya dawo.

Alhaji Wada, ɗan kasuwar da ke ƙetarawa Nijeriya ya sayo kaya, shi ya fara rufin kwano a unguwar. Kwano kuwa ba ya shan ruwa kamar soron ƙasa, abin da sama ta ba shi nan take yake zubarwa. Duk ya tafi gidan Sale mahauci, da ke ƙasa da shi. Aka wayi gari tukwanen matar Sale suna yawo a tsakar gida. Ran Juma'a Kellu tana juya gyaɗa a kasko ta ji muryar Sale ta tashi.

"Alhaji, ka yi rufin masu arziki, ni ka mai da ni kwaɗo!"

"Ni na aiko ruwan? Ka je ka yi ƙarar hadari mana."

"Ƙara kuwa zan kai. Gobe kumandan zai ji."

An ambaci abin da ba a ambata ke nan. Sai Kellu ta ji muryar ƙanenta, a sanyaye kamar kullum.

"Haba Sarkin Fawa, haba Alhaji. A kan ruwa? Rahamar da muka yi shekara da shekaru muna roƙo? Ku saurara. Sale ya huda gindin katangar da ke tsakanina da shi, ruwan ya bi ta gidana ya faɗa fadama. Ni na ɗauka."

Aka yi ta kabbara. Aka ce Parsidan uwa ba da mama. Kellu ma ta ji daɗi, don ba ta yi tunanin ta ina cikin gidan ruwan zai bi ba.

Kashegari da hantsi ta ga Mala da Sale tsugune a gindin katanga, taku uku da ƙofar ɗakinta, suna huda da dundurusu.

"Mala, wannan fa?"

"Yaya, ina kwana. 'Yar kafar ruwa ce. Zai shigo nan, ya ratsa ta gefen ɗakinki, ya fita ta baya. Ko tabarmarki ba zai gani ba."

"Ga filin tsakar gidanka can, me ya hana shi bi ta can?"

"Ruwa ba ya hawa tudu, Yaya. Na damina ɗaya ne. Da kaka ƙungiya za ta yi gayya, a haƙa babbar kwata a bakin hanya, a toshe wannan. Na yi miki alkawari."

Ta dube shi, ta dubi Sale da ya sunkuyar da kai yana ta haƙa. Ta ce, "Allah ya kai mu kakar."

Abin da ba ta sani ba, kafa ɗaya ƙofar bakwai ce. Na sama da Alhaji Wada ya ce, an ɗauke wa Alhaji ruwansa, shi me ya yi? Aka huda tasa katangar ta zubo gidan Alhaji. Na samansa ma ya zo taro fuska a murtuke, ya tashi yana dariya. Kafin gero ya fitar da kai, ruwan gida bakwai ne ke haɗuwa ya bi ta gindin ɗakin Kellu. In an yi ruwa, tana kwance tana jin sa yana gurnani a bayan kanta, yana lasar tubalin da ta mulmula.

Kaka ta zo, aka ɗaure dammuna, babu gayya. Da ta tambaya, Mala ya ce mutane sun gaji da aikin gona, a bari su huta. Da suka huta ya ce ƙasa ta yi tauri, sai bazara. Kafofin kuwa babu wanda ya toshe, mata suka ga banza ta faɗi. Ruwan wanka, ruwan wanke-wanke, ruwan gasara, har da wanda Sale ke wanke kayan ciki da shi, duk suka kama hanya ɗaya. Da rani tsaka, duniya a bushe, gefen ɗakin Kellu ne kaɗai ke da kore. Gindin bango ya yi baƙi, yaɓe ya fara zubowa ɓamɓaroki. Ɗaki ya yi rima. Ta buɗe buhun gyaɗarta ta tarar ta yi hunhuna. Masu sayen mai suka fara tsayawa daga nesa suna toshe hanci da gefen mayafi, daga baya suka daina zuwa. Sauro kuwa ba ya sanin rani a wurin. Masassara ta kayar da ita sau biyu, gwiwoyinta suka kumbura har sai ta dafa bango take tashi daga salla.

Ta bi gidajen ɗaya bayan ɗaya, da sallama, da ladabi. Alhaji Wada ya ce, "Yaya Kellu, ruwa na Allah ne, ni ma wucewa yake yi ta gidana." Sale ya ce, "Ni da mai gida muka yi magana, shi ya ce in huda." Matan suka ce su dai a gidajensu suke zubarwa, ba su san inda yake zuwa ba. Hamsatu, matar Mala, ta ce, "Ni Yaya da kin ji tawa, da kin dawo ɗakin yara. Ga bushewa, ga ɗumi, ki riƙa duba mana su." Kellu ta ce, "Ina da ɗaki."

Mala kuwa ya zauna a bakin rumfarta, ya ɗauki ƙuli yana gurgura, ya ce, "Yaya, ki duba mini. In na toshe wa ɗaya, sai na toshe wa bakwai. Gida bakwai su ɓata rai rana ɗaya? Unguwa ta watse ke nan. Ke tawa ce, ke za ki yi mini haƙuri. Su bare ne."

"To ni ran nawa fa?"

Ya yi dariya. "Ranki ai nawa ne, Yaya."

Da hadarin farko na damina ta huɗu ya haɗo, Kellu ta kwaɓa ƙasa da ciyawa, ta tsuguna a kan gwiwoyin nan masu ciwo, ta toshe kafar tam. Aka sheƙa ruwa tun azahar. Ran nan ta zauna a ɗakinta ta ji shi yana sauka a bisa, bai bi ta ƙasa ba. Ruwan da ya rasa hanya ya cika gidan Sale, ya koma da baya ya shiga ɗakin ajiyar Alhaji Wada, ya jiƙa masa buhunan sukari da atamfofi.

Ba a jira Juma'a ba. Kashegari bayan la'asar aka taru a gindin bedi. Wannan karon Kellu ba ta tsaya bayan katanga ba. Ta yafa mayafi, ta zagayo ta zauren Mala, ta tsaya a gefen tabarmi ta yi sallama. Maza suka amsa a ciki-ciki, kowa yana duban ƙafarsa.

"Ni na toshe," in ji ta. "Na zo in faɗi dalili."

Alhaji Wada ya dubi Mala. "Parsidan, yaushe aka sake doka? Na ɗauka mai ƙofa ke magana."

"Alhaji, ɗakina ne ke narkewa."

"Ɗaki daban, gida daban, Yaya Kellu. Ke a cikin gidan Mala kike. Bakinki ga shi nan zaune."

Ta juya ga bakin nata. Ta tabbata a ranta, ko kunya ce za ta sa ya ce a bar ta ta yi magana. Mala ya miƙe, ya gyara hula, ya yi murmushin nan nasa.

"Jama'a, ku yi mini afuwa. Laifina ne da ban sa ido ba. Kun san tsufa, ga masassara ta taɓa ta kwanan baya, ba kullum take gane abin da take yi ba. Alhaji, ka yafe, don darajar zaman tare."

"Na yafe, albarkacinka."

"Madalla. Sale, ara mini dundurusunka."

Kellu ta bi su a baya, tana jan ƙafa. Tana tsaye, maza goma sha uku suna kallo, ƙanenta ya naɗe hannun riga ya fasa toshiyar da ta yi. Baƙin ruwan da ya kwana a gidan Sale ya kwararo ya bi ta kan yatsunta. Wani ya ce, "Kai, Parsidan, Allah ya bar mana kai." Da suka watse Mala ya raɗa mata, "Kada ki sa a rai, Yaya, maganar taro ce kawai. Sai da na ce haka za su huce."

Ta juya ta koma ɗakinta. Tun daga ranar yaran unguwa in sun gan ta sai su matsa gefe, an gaya musu kanta ya taɓu.

Kwana uku bayan haka ta zo har gidana a tsohon gari. Ta ce, "Baba magini, sun ce mai ƙofa ke da baki. Ka zo ka fasa mini ƙofa a katangata ta baya." Na ce, "An gama." Ni ba na tsoron parsidan, na ga waɗanda suka fi shi hula. Na zo da kayan aikina da sassafe, na cire tubali bai fi goma ba, sai ga Mala da takarda a hannu, yana ta gaishe ni kamar ya ga kakansa.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Sai dai takardar biro ta ce fili ɗaya, ƙofa ɗaya, kuma sunana ke ciki. In aka fasa ta biyu, ni za a kama."

Na ce, "Karanta mini inda aka ce a kashe tsohuwa da ruwan wanka."

Ya yi dariya ya ce, "Baba ke nan, ba ka rabo da barkwanci." Sannan ya dafa ƙirji ya ce da yayarsa, "Ran Lahadi mai zuwa gayya. An tsayar, an yi fatiha. Kwata za a haƙa tun daga ƙofar Alhaji har fadama. In ban cika ba, kada ki ƙara kirana ƙanenki."

Kellu ta ce in mayar da tubalin. Na mayar, raina bai so ba. Na duba gindin ɗakin kafin in tafi, na sa yatsa ya shige kamar cikin tuwo. Na ce mata, "Wannan ba zai ga ƙarshen marka ba." Ta ce, "Lahadi ai jibi-jibi ce."

Ran Lahadi ta tashi tun asuba ta dama fura cikin babbar ƙwarya, don masu gayya. Ta ji ganga, ta ji maza sun fito da hauyoyi da tsintsiyoyi. Ta jira su iso. Hantsi ya yi, ba ta ji sara ko ɗaya ba. Da ta leƙa sai ta ga ana share hanya, ana yayyafa farin yashi, ana kafa rumfa a gindin bedi. Ashe labari ya kai biro cewa akwai unguwar da shekara huɗu ba ta taɓa kai ƙara ba, kumandan zai zo ya gani da idonsa. Can sai ga mutum biyu da zana, suka kafa ta tun daga kusurwar katangarta har bakin fadama, suka rufe koren ruwan da tsagaggen bangon.

"Kwatar ke nan?" in ji Kellu.

"Parsidan ya ce don baƙi. Kuma ya ce don Allah ki zauna ciki yau, kada ki wahalar da ƙafarki."

Ta zauna a bayan zana da ƙwaryar furarta. Ta ji motar kumandan ta tsaya, ta ji tafi. Ta ji ana tambayar Mala sirrin zaman lafiyarsu, ta ji ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wani abu ba ne. A nan ba ma bari kowa ya kwana da ɓacin rai." Furar ta yi tsami, da yamma ta ba awaki.

Marka ta kama, kwana uku ana yi ba ƙaƙƙautawa. A rana ta uku wajen azahar Kellu tana zaune a bakin gado ta ji bango ya yi wani nishi, ƙasa ta zubo mata a ka. Allah ya sa ƙyauren a buɗe yake. Ta rarrafa ta fito, ba ta kai rumfa ba bangon baya ya zauna, rufin ya bi shi. Gadonta, jeren kwanoninta, sauran gyaɗarta, duk suna ƙasa. Ruwan gida bakwai ya hau kansu ya wuce abinsa.

Maza suka sheƙo a guje, ba a ce ba su zo ba. Aka yi ta salati, aka ce an auna arziki, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mala ya rungume ta yana kuka da hawaye. Aka kai ta ɗakin yara, aka shimfiɗa mata tabarma tsakanin buhunan dusa da ƙafafun 'ya'yan Hamsatu biyar.

Ko a nan ba ta karaya ba. Tana kwance tana shiri a ranta: azarorin rufin ba su karye ba, ƙyauren yana nan, in ruwa ya ɗauke za ta sake mulmula tubali, ko a zaune ne. Ran Juma'a da safe ta ce da Hamsatu, "Ki sa a jingine mini azarorin nan a inuwa, kada su ruɓe kafin kaka."

Hamsatu tana tankaɗe, ba ta ko ɗago ba. "Wace azara, Yaya? Ai na rumfar masallaci ne. Tun bara aka ce in ɗakin ya faɗi a kai su can, wurin kuma a bar wa ruwa."

"Tun yaushe?"

Hannun Hamsatu ya tsaya. "Au. Na ɗauka ya gaya miki."

"Gaya mini ke."

"Lokacin da kike kwance da masassarar farko. A zauren Alhaji suka zauna. Kowa ya ce ba ya son kwata a ƙofar gidansa, saboda wari da yara. Shi ne aka ce tunda ruwa ya riga ya zaɓi wurin… Ni dai Yaya ba ruwana, maganar maza ce."

Bayan la'asar Mala ya shigo daga taro fuskarsa kamar gonar auduga, da turmin atamfa a hammata da ƙullin goro. Ya tsuguna a gabanta.

"Yaya, albishirinki. Ƙungiya ta tausaya miki, ga wannan in ji Alhaji, ga wannan in ji jama'a. Sannan an duba an ga wurin nan ba na gini ba ne, Allah ne ya buɗe wa ruwa hanya. Ke kuma ga ki cikin iyali, ba kaɗaici. Kowa ya yarda, wallahi ba wanda ya tashi da ɓacin rai."

"Yau aka yanke?"

"Yanzun nan."

"A zauren Alhaji fa, bara, me aka yanke?"

Murmushin bai bar fuskarsa nan take ba, sai da ya ɗan tsaya kamar baƙon da ya rasa takalminsa. Ya waiwaya wajen Hamsatu, ita kuwa ta shige madafa.

"Yaya, ba haka ba ne yadda kika ji."

"Wa ya kawo shawarar?"

Ya kama gyara ƙullin goro.

"Mala, da kai nake. Alhaji ne? Sale ne?"

"Sun kusa dambe a kan inda kwata za ta bi. Dole wani ya kawo mafita."

"Ranar da ka dafa ƙirji a gaban Baba magini, ka san babu gayya."

"Na san ba za ki yarda ba in na faɗa. Na ce in ɗakin ya faɗi da kansa, ba wanda ya kore ki, ba wanda ya yi laifi."

"Ina ciki fa nake kwana."

"Kullum ina addu'a ya faɗi kina waje. Ga shi Allah ya amsa."

Kellu ta dube shi. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta tura masa atamfar da yatsa ɗaya. "Mayar musu. Ka ce na gode, raina fari ƙal. Kada taronku ya ɓaci."

Kashegari ta ɗaure abin da aka tono na kwanoninta a tsumma, ta ɗora kaskon suyarta a ka, ta ratsa unguwar da rana tsaka. Ƙofa goma sha huɗu ta wuce, babu wadda aka fito aka ce ina za ki. Ni na raka ta tasha, ni na ɗaga ta ta hau bayan kamiyo, babbar motar kaya, mai zuwa Waca. Mala ya gaya wa mutane ta tafi ganin dangi. Ba ta da dangi a Waca. Wata mai sana'ar mai ce ta ɗauke ta tana matse mata tunkuza, tana kwana a ɗakin girkin matar. Ba ta ga damina biyu ba ta rasu, a ɗakin mutane, inda kowace safiya sai an ce mata matsa a hura wuta.

A gindin bedi aka yi zaman makoki. Ban taɓa ganin cika irin ta ranar ba. Alhaji Wada ya kawo buhun shinkafa, Sale ya yanka akuya, kowa yana cewa Parsidan ya yi rashin uwa. Shi kuwa yana ta share hawaye, kuma na rantse hawayen gaske ne. Abin da ya fi ba ni tsoro ke nan.

To ku masu sha'awar unguwar da ba a jin kanta, ku riƙa tambaya. In kuka ga gida goma sha huɗu kowa yana dariya, ku nemi wanda aka hana zama a tabarma. Zaman lafiya kaya ne, ba ya tafiya da ƙafarsa, a kan wani ake ɗora shi. Kuma mai son a yabe shi a waje ba ya ɗora wa bare, don bare zai yi ƙara. Na cikin gida yake nema, wanda kunya da ƙauna suka ɗaure wa baki. Mutum goma sha huɗu suka rushe ɗakin nan, babu wanda ya taɓa shi da hannu, kowannensu yana salla a inuwar azarorinta.

Na san za a ce tsoho ya ƙara gishiri. To Mala yana nan da ransa, har yau shi ne Parsidan, ni ma ban mutu ba. Duk mai musu ya zo Magariya ya tambayi gidan Ɗanasabe magini, ko akuya ta san shi. Ya taho da hauyarsa. Zan kai shi bakin kwatar nan ran Juma'a bayan la'asar, lokacin da suke zaune su duka, in nuna masa inda zai sara. In ya yi kamu ɗaya bai tarar da jan daɓen ɗakin mace a ƙarƙashin ruwan wankansu ba, ya aske mini gemu a gabansu. In kuwa ya tarar, to shi zai juya ya tambaye su na wane ne.